Ranar da Aka Ce Jif Tana Kan Jak

Ban sayi motar don ado ba. Tsohuwar jif ce babba mai kujeru layi uku, wadda wani ɗan kwangila ya gaji da shan manta ya rabu da ita. Hanyar ƙauyenmu ce ta sa na saye ta. Ƙauyen yana bakin tafki ta wajen Ngaski, kuma da zarar damina ta zauna, daga inda kwalta ta ƙare ƙaramar mota sai dai ta juya. Inna ta ƙi barin can. Na lallaɓa, ƙanwata ta lallaɓa, ta ce ita ba ta iya barci inda ba ta jin motsin ruwa. Shi ya sa na ce a samu abin da zai iya kaiwa ƙofar gidanta rani da damina.

A Birnin Kebbi nake aiki, sai ƙarshen mako nake zuwa Yelwa a motar haya, don jif ɗin ba ta tafiyar nesa da albashina ba ce. Na bar ta a hannun mijin ƙanwata. Kafin ya zama surukina aminina ne. Ƙauye ɗaya muka tashi, tare muka koyi iyo, tare muka sha bulalar malam. Ni na bi boko, shi ya bi tuƙi, daga kabu-kabu har ya kai ga jan bas tsakanin Yelwa da Kontagora. Lokacin da ya nemi ƙanwata, kawunmu ya ce direba ba ya zama wuri ɗaya, bai yarda ba. Ni na tsaya masa. Na gaya wa kawu na san cikinsa kamar yadda na san nawa. Daga baya mai bas ɗin ya sayar da ita, aminina ya zauna ba aiki, saboda haka da na miƙa masa makullin jif har wani daɗi na ji, na ga kamar na ba shi abin da zai riƙa fita da shi cikin mutane. Sharaɗina ɗaya ne, na kuma faɗa masa a gaban matarsa: motar ta Inna ce, duk lokacin da aka kira daga ƙauye a same ta.

Wata Juma'a, farkon damina, ya zo tasha ɗaukata. Tun daga nesa na ga motar kamar tana neman zama, gaba a ɗage, baya a ƙasa. Da na saye ta, nakan zura tafin hannuna a tsaye tsakanin tayar baya da bakin bodi har da saura. Ranar yatsuna da ƙyar suka shiga. Muna hawa kan wani tudun kwalta na ji ƙasan motar ya daki wani abu, salansar hayaƙi ta karce ƙasa. Da magariba ta yi kuma masu tahowa suka yi ta yi mana fitila, don namu fitilun sama suke haskawa, cikin idon mutane.

Na tambaye shi, ya ce tsufa ne. Sifirin baya, ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota, ya gaji, ga shekaru ga ramukan hanyar ƙauye, kuma ƙarfe ma yana da iyakarsa. Maganar ta shiga hankalina. Na koma Birnin Kebbi na sa wani mai sayar da kayan mota ya kawo mini sababbi daga kudu, guda biyu, irin mai naɗin nan, daidai da na ainihi. Da suka iso ban yarda a sa kwalin a but ba. A cinyata na riƙe shi tun daga tasha, ta Jega, ta Koko, har Yelwa, mai kusa da ni yana ta tambaya ko inji ne a ciki. Na ajiye kwalin a tsakar gidansu, na ce ya kai wa makaniken da muke zuwa wurinsa a bakin hanyar Kontagora. Ya ce cikin makon nan za a gama.

A tsakiyar makon, da hantsi, ina ofis, maƙwabciyar Inna ta kira ni. Inna ta fita bayan gida kwashe shanya kafin hadari, ta taka dutsen da gansakuka ta kama, santsi ya ɗauke ta. Ta kasa tashi. Sun ɗauke ta sun kwantar a zaure, ƙafar ta juya waje, kuma ba ta barin a taɓa ƙugunta.

Na yi ta kiran aminina kafin wayar ta shiga. Muryarsa tana yankewa, kuma a bayansa ina jin wata ƙara mai nauyi, na ɗauka janaretan gareji ne. Na gaya masa abin da ya faru. Ya yi salati.

"Ɗan'uwa, mota tana kan jak," in ji shi. "Tun safe aka cire tayoyin baya, an sauke tsohon sifirin. Makanike ya ce robar da sabon zai zauna a kai ta cinye, ya aika Kontagora a kawo. Ko an so a mayar yanzu ba ta yiwuwa."

Ban yi shakkar komai ba. Kaina na ga laifi, na ce ni na matsa a yi aikin a makon nan. Na roƙe shi ya nemo wata motar, ya ce yana ƙoƙari, daga nan wayarsa ba ta sake shiga ba. Na kira wasu direbobi biyu da na sani, duk suka ce an yi ruwa daren jiya, motarsu ba ta iya hanyar. Abin da ya rage jirgin ruwa ne, ranar kuma ba kasuwa ba ce, jiragen inji duk sun fita. Inna ta kwanta a zauren nan tun hantsi har la'asar kafin a samu wani masunci ya yarda ya kawo ta Yelwa. A kan ƙyauren ɗaki suka ɗauke ta zuwa bakin ruwa. Maƙwabciyar da ta rako ta ta gaya mini iska ta taso musu a tsakiya, duk lokacin da jirgin ya daki igiyar ruwa sai Inna ta cije gefen zanenta. Ba ta yi kuka ba, amma sun iso zanen ya huje.

Na iso asibiti kafin magariba. Likita ya ce ƙashin ƙugu ne ya karye, kuma jijjigar hanya ta ƙara gocar da shi. Ƙanwata tana gefen gado tana kuka, idonta ya kumbura. Bayan isha aminina ya shigo, ya durƙusa a gaban gadon ya daɗe bai ɗago ba.

Dole in faɗi abin da ya yi a makonnin da suka biyo, don shi ma ya faru. Da aka nemi jini, shi ya fara naɗe hannun riga. Shi ke kawo abinci safe da yamma, shi ke bin layin magani, shi ya riƙa kwana a barandar asibiti lokacin da hutuna ya ƙare na koma aiki. Ranar da ya fara zuwa da motar kuwa an wanke ta tas, bayanta ya ɗago, ta tsaya daidai kamar da. Na zura hannu saman taya ya shiga. Na riƙe kafaɗarsa a filin ajiye motoci na ce ban san yadda zan gode masa ba. Ya ce haba, ai Inna uwarsa ce shi ma.

Aka sallami Inna da sanda. Ba ta koma ƙauye ba, ta zauna a gidana na Yelwa wurin iyalina, tana jan ƙafa daga ɗaki zuwa inuwa. Ba ta taɓa cewa tana kewar can ba, sai dai duk wanda ya zo daga ƙauye sai ta tambaye shi inda ruwa ya kai bana.

Bayan kaka na samu dogon hutu. A lokacin ne na ga bayan motar ya sake sauka, wannan karon har da karkacewa, ɓangaren hagu ya fi na dama ƙasa, kuma akwai wata ƙwanƙwasa duk lokacin da aka shiga rami. Raina ya ɓaci da mai kayan motar, na ce jabu ya sayar mini. Na karɓi makulli da safe ba tare da na ce ga inda za ni ba, na nufi gareji, da nufin a cire mini su in mayar masa.

Makaniken dattijo ne mai ƙarancin magana. Na ce masa sifirin da ya sa mana da damina har ya mutu. Ya dube ni, ya dubi motar, ya ce wane sifirin. Na yi masa bayani. Ya ce shi dai rabonsa da motar nan tun juyen baƙin mai kafin azumi, amma wataƙila wani garejin aka kai ta. Ya kawo jak ya ɗaga, ya cire tayar hagu, ya leƙa, sannan ya matsa gefe ya ce in duba da kaina.

Tsohon sifirin ne, da tsatsarsa da komai. An yanko guntayen tayar babbar mota an cusa tsakanin naɗin, an ɗaure da waya, don su tokare shi ya ɗago. Wasu sun zube, wasu sun lotse. Naɗi na ƙasa ya tsage, shi ne abin da ke ƙwanƙwasa. Na tsuguna a wurin ina kallo, ina neman wata hanyar da abin zai zama kuskure. Na ce ko wani makaniken ne ya cuci aminina ya riƙe sababbin.

Akwai wani mai fataucin busasshen kifi zaune a kan benci yana jiran a gama masa tasa motar. Bai san ni ba. Cikin hira ya ce ai wagga jif ta yi ƙoƙari ma, don ba kowace mota ke jure wannan dutsen ba. Na ce wane dutse. Ya ce na ramukan zinare mana, can cikin daji ta wajen Ngaski, kullum yana gamuwa da ita ta kwaso buhuna zuwa wurin injinan niƙa, bayanta kamar zai taɓa ƙasa, kuma direbanta mutumin kirki ne, ya taɓa jawo shi daga cikin laka. Makaniken ya sunkuyar da kai yana goge sufana. Na tambaye shi ko ya sani. Ya ce yana ganinta tana wucewa, ya ɗauka da sanina ne.

Na buɗe ƙofar baya na ɗaga kafet. Farin garin dutse ya cika kowane lungu, har cikin ramin da kujerun baya suke kamawa, kuma notinan kujerun sun yi sulɓi saboda yawan cirewa da mayarwa. A nan ne na gane ƙarar da na ji a waya ranar da Inna ta faɗi. Na san ƙarar injin niƙan dutse, na sha wucewa ta kusa da su.

Na bar motar a kan jak na hau kabu-kabu zuwa gidan aminina. Ba ya nan. Ƙanwata tana tsakar gida tana gyaran shinkafa, ta tashi da fara'a ta shimfiɗa mini tabarma. Ban zauna ba. Na tambaye ta ina kwalin da na kawo da damina. Ta tsaya da faifai a hannu. Na sake tambaya. Ta ajiye faifan ta shiga ɗaki, na ji tana jan abu daga ƙarƙashin gado, ta fito da shi tana turawa da ƙafa saboda nauyi. Ko igiyar da na ɗaure shi da ita a tashar Birnin Kebbi ba a kwance ba.

"Ranar da Inna ta faɗi, ina motar take?"

Ta ce tun bayan asuba ya fita da ita daji.

"Kin sani ke nan, lokacin da kike kuka a gefen gadonta."

"Na sani, Yaya."

"Kuma kina ji ina cewa laifina ne da na sa a kwance mota."

Ta ce ya kira ta ranar, ya roƙe ta kada ta faɗa, ya ce idan na ji ba zan sake kallonsa ba. Ta ce ta yi niyyar gaya mini a asibiti, sai ta ga yana ba da jini. Ta yi niyya ranar sallama, sai ta ga mun fito muna dariya ni da shi. Daga nan kullum abin ƙara nauyi yake yi. Sannan ta ce, muryarta ƙasa ƙasa, "Mijina ne, Yaya. Mi zan yi?"

Ita ce na goya a baya na kai ta rigakafi lokacin da Inna take jinyar mahaifinmu. Na ɗauki kwalin na fita, na ɗora shi a kan tankin babur.

A gabana aka yi aikin. Makaniken ya tokare motar da ƙarafa, ya sa jak a ƙarƙashin ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, ya kwance shokazoba, ƙarfen da ke rage jijjiga, daga ƙasa, ya sauke jak ɗin a hankali har tsohon sifirin ya saki. Da hannu ɗaya ya zaro shi. Ya jera shi kusa da sabon a ƙasa, tsohon ya gajarce a fili. Robar da aka ce ta cinye lafiyarta ƙalau, ya goge ta da tsumma ya mayar. Ya zaunar da sabon, ya juya shi har bakinsa ya faɗa gurbinsa, ya ɗaga ya ɗaure. Haka ya yi wa ɗaya ɓangaren. Da aka sauke motar ya ce in zaga da ita in dawo don ta zauna, sannan ya auna daga ƙasa zuwa bakin bodi hagu da dama, ya ce sun yi daidai. Mun fara bayan azahar, ba a kira la'asar ba muka gama. Wannan shi ya fi tsaya mini a rai a ranar. Ɗan wannan lokacin ne surukina bai iya raba motar da dutse ba, wata da watanni.

Da yamma ya zo gidana, matarsa ta riga ta gaya masa. Muka tsaya a waje kusa da motar don kada Inna ta ji. Bai musa komai ba. Ya ce zaman banza ne ya ishe shi, yara suna girma, ya ji kunyar ya riƙa zuwa wurina da buƙata. Ya ce masu ramin ba sa jira, idan ka yi fashin yini ɗaya sun ba wani. Game da ranar kuwa, ya ce yana can cikin daji da kaya a mota, ko da ya sauke ya taho a lokacin, da ƙyar zai riga jirgin isa ƙauye, don haka a ganinsa maganar da ya faɗa mini ba ta canza komai ba.

Na san inda ramukan suke, na kuma san hanyar da ta ratsa daga can zuwa ƙauyenmu, don tare da shi muka sha bin ta a ƙafa muna yara. Da ya taso, kafin azahar yana ƙofar gidan Inna. Na faɗa masa haka. Ya ce hanyar ta lalace bana. Na ce ya ba ni ɗaya makullin da ke hannunsa. Ya zaro shi daga aljihu ya miƙo, ya ɗan tsaya kamar mai jiran in ƙara wata magana, sannan ya tafi.

Ban yi niyyar gaya wa Inna ba, amma gida ba ya ɓoye irin wannan. Bayan 'yan kwanaki ta sa aka kira ni ɗakinta. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika kallon fuskata idan tana magana. Ta ce ta ji an karɓe makulli. Na fara yi mata bayani, ta tsayar da ni. Ta ce tun tana asibiti masu zuwa dubiya daga ƙauye suka gaya mata an ga motar a daji ranar, har sun yi mamakin da bai zo ba.

Na ce don me ba ta faɗa mini ba.

"Ƙafar ta riga ta karye," ta ce. "In na faɗa, auren ɗiyata zai bi ta. Kai kuma ban yarda ka kai maganar nan wurin kawunka ba."

Na fito daga ɗakin na zauna a cikin motar, ban tayar da ita ba. Mutanen ƙauye sun sani, makanike ya gani, mai kifi ya sani, ƙanwata ta sani, Inna ma ta sani. Ni kaɗai nake yawo a cikinsu ina yabon aminina, suna amsa mini da to, madalla.

Na bi umarnin Inna, ban kai wa kawu ba. Bayan wani lokaci surukin nawa ya zo da limamin unguwarsu neman sulhu. Ya nemi gafara a kan ɗaukar dutse ba da izinina ba, da kuma tayar da ya cusa a sifirin. Liman ya yi nasiha mai kyau, aka yi addu'a, muka yi musafaha. Na jira ya ambaci wayar da muka yi, bai ambata ba, shi kuma liman da alama ba a gaya masa da ita ba.

Motar tana gidana yanzu. Matata ta koyi tuƙi, ita ke kai Inna asibiti ganin likita, kuma da yake bayan ya ɗago sosai sai an sa mata turmi a kife ta taka kafin ta hau. Shi kuwa ya samu wata tsohuwar akori-kura yana ci gaba da aikin dutsensa, an ce yana samu. Muna haɗuwa a masallacin Juma'a da wurin jana'iza, mu gaisa, ya tambayi aiki, in tambayi yara.

Ƙanwata ta haihu a bara, namiji, suka sa masa sunana. Na je sunan, na kai abin da ya kamata kawun jariri ya kai. Da mutane suka ragu ta aiko a kira ni ciki, ta miƙo mini jaririn, ta ce in yi masa addu'a. Na karɓe shi na yi. Ta ce in zauna a kawo mini abinci, na ce na ci a waje, akwai baƙin da zan sauke a tasha.